Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Jami'ar Maraɗi Kan Koyar Da Ƙagaggen Rubutu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da majalisar malamanta, tare da sanar da Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku da ɗalibanku, ina neman izinin gabatar muku da wata buƙata wadda ta daɗe tana ci mini rai. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi shekaru masu yawa ina koyar da Faransanci a kwaleji da lise a cikin jihar nan, kuma tun da na ajiye alli nake zama da wasu matasa kowace Asabar bayan la'asar a zauren gidana, suna karanta mini abin da suka rubuta, muna gyarawa tare. Abin da nake roƙo shi ne a buɗe wa irin waɗannan matasa karatun lisans a fannin ƙagaggen rubutu a nan Maraɗi, wato karatun shekara uku wanda ɗalibi zai koyi rubuta labari da waƙa da wasan kwaikwayo da hannunsa, da Hausa tukuna, sa'an nan da Faransanci.

Bari in fara da mutanen da nake magana dominsu, don kada a ɗauka zance ne na iska. Cikin masu zuwa zaurena akwai wata yarinya da ta samu bakaloriya a fannin adabi, ta rubuta dogon labari a kan wayarta, babi bayan babi, tana turawa a WhatsApp, mata ƴan'uwanta suna jira kamar yadda ake jiran ruwan farko. Idan ta sa uwar miji da matar ɗa suna musayar magana a tsakar gida, sai ka rantse kana bayan zana kana sauraro, domin kunnenta ya kama habaici da gugar zana yadda ake yin su a Bagalam da Limanci. Amma labarin yana kaiwa tsakiya sai ya ɓace mata, taurari su yi yawa, wanda aka bari a kan hanyar Kano a babi na bakwai a manta da shi har ƙarshe, kuma ba ta taɓa komawa ta sake rubuta shafi ɗaya ba, saboda babu wanda ya taɓa gaya mata cewa sake rubutu shi ne rabin aikin. Ga kuma matsalar da ta fi ba ni tausayi: tana rubuta harshen uwarta da ƙa'idar harshen wasu. Takan rubuta "tchikin" a maimakon "cikin", da "koudi" a maimakon "kuɗi", kuma a wurinta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, duk hoto ɗaya ne a kan takarda. Shekara goma sha uku ta yi a makaranta, ba a ba ta ko awa ɗaya ta koyon rubutun Hausa ba.

Ban ga laifinta ba, domin na san inda abin ya samo asali. Ina yaro a makarantar firamare an sha rataya mini sambol, wato alamar horo ga wanda ya yi harshen gida, a wuya saboda Hausa ta suɓuce mini a filin wasa, kuma duk wanda abin ya kwana a wurinsa ya san abin da ke jiransa da safe. Mun girma muna ɗaukar cewa harshen da ake tunani mai zurfi da shi daban, wanda ake sayen gujiya da shi daban, kuma da na zama malami ban kuɓuta daga wannan tunani da wuri ba. Ƙasarmu ta yi ƙoƙarin warkar da wannan ciwo tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, sa'an nan a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun harsunanmu a hukumance, a 2001 kuma doka ta amince da harsunan ƙasa guda 10. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ranku ya daɗe, doka tana iya ba harshe matsayi, amma littattafan da yaro zai karanta da wannan harshe sai an samu hannun da zai rubuta su, kuma horar da wannan hannu aikin jami'a ne.

Na san amsar farko da za a ba ni, domin abokaina malamai sun sha ba ni ita: rubutu baiwa ce, wanda Allah ya ba ya ba shi, ba a koyar da ita a aji. Na yarda baiwa ce, amma mu mutanen Maraɗi mun fi kowa sanin abin da ake yi da baiwa. Filin kokawar garin nan yana ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, kuma babu wanda ya taɓa kallon kokawa da idon basira da zai ce ƙarfin da aka haifi mutum da shi kaɗai ke kayar da abokin karawa. Sai yaro ya yi shekaru yana shan ƙasa a hannun manya, ana nuna masa inda zai sa ƙafa da lokacin da zai saki, kafin ya zama gwani. Haka makaɗan fada da na noma: babu wanda ya wayi gari yana jagorantar waƙa, sai ya daɗe cikin ƴan amshi, yana jin yadda maigida ke ɗora ɗa a kan gindin waƙa, yana kuskure ana harararsa, har ranar da za a ce ya isa. Kakanninmu sun san fasahar harshe sana'a ce mai bukatar maigida da almajiri. Abin da ya rage mana shi ne mu yi wa alƙalami irin gatan da aka yi wa kalangu.

Ko tarihin ƙagaggen labarin Hausa na boko shaida ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta labarai don gasa, daga nan aka samu littattafai biyar da aka fara bugawa, cikinsu har da na Abubakar Imam da na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Imam ya koma Zariya ya zauna yana aiki kafaɗa da kafaɗa da mai gyara, ana rubutawa ana tacewa, kafin Magana Jari Ce ta fito yadda muka san ta. Baiwar tasa ce, babu mai musu, amma ta samu wurin zama da mai duba ta da injin bugawa. A ƙasashen waje kuwa an daɗe da shigar da wannan horo cikin jami'a. Jami'ar Iowa a Amurka ta kafa zauren marubutanta a 1936, Jami'ar East Anglia a Ingila ta fara nata a 1970, kuma daga cikin waɗanda suka bi ta wannan aji akwai Kazuo Ishiguro da ya samu kyautar Nobel ta adabi a 2017. Faransa ma, wadda muka gaji tsarin karatunta kuma ta daɗe tana ɗari-ɗari da wannan fanni, ta buɗe shi a wasu jami'o'inta cikin shekarun 2010.

A nan akwai wani abu da nake so a fahimce ni sosai a kansa, domin idan aka kuskure shi, gara ma ba a fara ba. Nazarin adabi daban, koyon rubuta adabi daban. Ana koyar da nazarin adabi da kimiyyar harshe a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, akwai tsangayar adabi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kuma a ƙetaren iyaka jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina sun daɗe suna ba da digiri a Hausa. Aiki ne mai daraja, ni ma da shi na ci abinci. Sai dai mai nazari yana tsaye ne a gaban ginin da aka gama, yana bayyana jigo da salo da zubi da tsari, alhali mai koyon rubutu hannunsa yana cikin laka, tambayarsa ita ce me ya sa wannan katanga tawa take karkacewa. Tsorona shi ne a ɗauko darussan nazari yadda suke, a canja musu suna, ɗalibi ya gama shekara uku ya iya kawo ma'anar jigo iri biyar amma bai taɓa kammala gajeren labari ɗaya ba.

Zuciyar irin wannan karatu ita ce zaman gyara. Ɗalibai kaɗan ne, kada su wuce goma sha biyar, suna zama da malami wanda shi kansa marubuci ne. Kowane mako mutum biyu ko uku su raba abin da suka rubuta tun kafin ranar zama, kowa ya karanta a gida ya yi alama a gefen takarda, ranar zama kuma mai rubutun ya yi shiru yana sauraro ana tattauna aikinsa, ba ya kare kansa sai an gama. Wannan shirun yana da wuya ƙwarai, na ga matasa a zaurena suna cizon leɓe saboda shi, amma shi ne ke koya wa mutum cewa mai karatu ba zai same shi a gefe yana yi masa bayani ba, abin da ke kan takarda shi kaɗai ne zai yi magana. Daga nan ya koma ya sake rubutawa, ya dawo da shi, a sake dubawa. Ɗabi'armu ta kunya da kara tana iya hana ɗalibi gaya wa ɗan'uwansa gaskiya, musamman mace a gaban maza ko ƙarami a gaban babba, don haka malamin da zai riƙe irin wannan zama sai ya kasance mai iya raba gyara da cin fuska, kuma ya koya wa ɗalibansa yin haka tun makon farko.

A tsarin da jami'o'inmu ke bi, lisans zango shida ne da maki 180, kuma wannan fili ya isa. A ganina shekarar farko ta kunne ce da ƙa'ida. Ɗalibi ya ƙware a rubutun Hausa har ya daina tunanin ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ da ƴ, ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, ya kuma san ɗan bambancin da ke tsakanin ƙa'idarmu da ta Nijeriya, domin masu karatunsa suna ɓangarorin iyaka biyu. A tura shi Tibiri da Madarumfa da Gidan Rumji da Tasawa da na'urar ɗaukar murya, ya zauna gaban tsofaffi ya kwaso tatsuniya da kirari da waƙar daka da labarin yunwa da na ambaliyar 1945 wadda ta sa garin nan ya tashi daga bakin gulbi ya hau tudu, ya dawo ya mayar da su rubutu, ya ji da kansa abin da ke salwanta tsakanin baki da takarda. A nan ne kuma zai fuskanci tambayar da kowane marubucin yankin nan ke fuskanta: daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan Kananci, mu kuwa muna cewa "wanga" da "shina" da "hwari". Ra'ayina shi ne mai ba da labari ya riƙe daidaitacciya domin a karanta shi daga Agadas har Kumasi, amma idan tsohuwar Tibiri ta buɗe baki a cikin labarin, a bar ta ta yi Gobirancinta, domin idan aka sa mata harshen Kano an kashe ta.

Waƙa kuma tana bukatar kulawa ta musamman, domin ita ce daɗaɗɗen rubutunmu. Tun kafin boko malamanmu suna tsara waƙa da ajami a kan ma'aunin aruli, da baiti da ɗango da amsa-amo, ƙwar biyu da ƙwar huɗu da ƙwar biyar, har da tahamisi inda wani ke ƙara ɗango uku a kan biyun wani, kamar yadda aka yi a zamanin Nana Asma'u. Yawancin matasan da ke kawo mini waƙa suna jin kari a kunnensu amma ba su san sunansa ba, don haka idan ɗango ya karye ba su san inda za su ɗora shi ba. Zango ɗaya na auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi zai warkar da wannan. Ina kuma roƙon a sa koyon karanta ajami cikin darussan dole, domin a cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam (IRSH) ta Yamai akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da Bubu Hama ya fara tarawa, kuma abin kunya ne marubucin Hausa ya tsaya gaban gadon kakanninsa yana neman mai karanta masa. Sauran lokacin a raba shi tsakanin zube da wasan kwaikwayo na dandamali da na rediyo da rubutun fim da fassara tsakanin Hausa da Faransanci, a shekarar ƙarshe kuma ɗalibi ya gabatar da littafinsa da ya kammala a matsayin kundin kammala karatu, tare da ƴan shafuka da ke bayyana yadda ya yi aikin.

Su wa za su koyar? Wannan ita ce tambayar da za ta fi ba majalisarku wahala, domin ƙa'idojin CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance malaman jami'a, suna auna malami da digirin dakta da maƙalun bincike, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka fi iya wannan sana'a ba su da ko ɗaya. Mafita a ganina ita ce a haɗa biyun: malaman jami'a su riƙe nazari da tarihi da kimiyyar harshe, a gayyato marubuta da ƴan wasan kwaikwayo da makaɗa a matsayin malaman wucin gadi, a biya su da mutunci, su riƙe zaman gyara. Tsangayar kiwon lafiya ba ta jin kunyar tura ɗalibi asibiti ya koya a gefen gado, haka nan bai kamata a ji kunyar zaunar da ɗalibi gaban wanda ya yi shekara talatin yana riƙe masu sauraro da bakinsa ba.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da gaskiya: idan yaro ya gama, me zai ci? Ba zan yi musu alƙawarin da ba zan iya cikawa ba. Ko a ƙasashen da ake sayen littafi da yawa, kaɗan ne ke rayuwa da ƙagaggen labari kaɗai. Amma wanda ya iya tsara magana a rubuce da Hausa mai tsafta ana nemansa a wurare da dama: gidajen rediyon garin nan da na karkara, masu shirya fim da ke ɗaukar kyamara kafin su samu labari, makarantu masu harshe biyu da ke jiran littattafan karatu, ma'aikatun da yanzu ya kamata su yi wa talaka magana da harshen da yake ji. Kasuwar ma ba ta tsaya a iyakarmu ba. Tun shekarun 1980 marubutan Kano, mata da maza, suka nuna cewa Bahaushe yana sayen littafi idan an rubuta masa abin da ya shafe shi, kuma gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke rubutu a ɗakunansu ba tare da an san da su ba.

Na san jami'armu, wadda aka kafa a 2010, an gina ta ne a kan kimiyya da fasaha da aikin gona da muhalli da kiwon lafiya, kuma buɗe sabon fanni yana bukatar kuɗi da izini daga Yamai. Sai dai wannan fanni ba ya bukatar ɗakin gwaji ko injin da za a yi odarsa daga waje. Ɗaki ɗaya da tabarma ko kujeru, da injin buga takarda, da ɗan ɗakin karatu sun isa a fara. Idan lisans ya yi nisa a yanzu, a soma da darasi ɗaya na zaɓi wanda kowane ɗalibi zai iya ɗauka, da mujalla guda a shekara da za ta buga mafi kyawun abin da aka rubuta. Ɗaliban kimiyya ma za su amfana. A jihar nan ne manoma suka fara sassaben zamani a shekarun 1980, suna barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, har gawo da kalgo suka dawo inda iska ta share, aka zo daga ƙasashe ana kallo. Ina marmarin ranar da ɗalibin aikin gona, ɗan manomi daga Agye ko Mayahi, zai rubuta wannan labari da Hausa yadda mahaifinsa zai ji a karanta masa ya ce haka aka yi. Ɗalibar likitanci da ta kwana a ɗakin haihuwa ita ma tana ɗauke da abin da ya kamata a rubuta.

Ba na neman a fifita Hausa a danne sauran harsunanmu. Idan wannan ƙofa ta buɗe a Maraɗi, fatana ita ce a buɗe irinta ga Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak da sauransu a jami'o'in da suka fi kusa da masu su, kuma ɗalibin da ya zo nan yana son rubutu da Fulatanci a karɓe shi hannu biyu. Na ce a fara a nan ne saboda garin yana tsakanin fadar Katsina ta Maraɗi da fadar Gobir ta Tibiri, birnin Katsina kuma yana nan kusa ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ga shi yaron da ke son adabi yau sai ya tafi Damagaram ko ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, abin da iyaye da yawa ba za su yarje wa ƴa mace ba. Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa ma masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan garin nan, amma ya riƙe ma'aikatar ilimi, ya kuma shugabanci hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982, don haka ba baƙon abu ba ne a haɗa kimiyya da al'ada a gidan da ake kira da sunansa.

Ranku ya daɗe, abin da nake roƙo a matakin farko ƙarami ne: a kafa kwamiti na malamai kaɗan ya duba wannan batu, a ba mu rana ɗaya kafin komawar karatu mai zuwa mu zo mu gabatar da kanmu. Zan zo da matasan zaurena da littattafan da suka cika da rubutun hannu da wayoyinsu, ita ma yarinyar da na ambata ta yarda za ta karanta babi ɗaya a gabanku, wanda ta sake rubutawa sau huɗu tun daga damina, kuma mahaifinta ya ce zai rako ta.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya taimake ku a kan amanar da ke hannunku.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Sabon Gari, Maraɗi.